Mangala

A rumfar cajin waya, gefen tashar Roni,
inda farantin sola ke lasar ranar damina,
na ƙera ƙatti huɗu, ba zuga-zugi, ba uwar maƙera,
sai tsohuwar kwamfuta mai giɓi a haruffa.

Galma, in ya taka, ƙasa sai ta tsage.
Shamuwa mai dogon ƙwauri, daga bayan dutse take harbi.
Buzuzu ɗan mitsitsi, aikinsa gara bam da baya.
Na huɗun Tozo ne, sunan bajimin Baba,
wanda muka kai kara shekarar da gero ya ƙi.
Na ba shi sulke ninki uku,
na ba shi ƙaho mai aman wuta.
Na san na yi son kai. Na ja bakina na tsuke.

Ran kasuwa yara shida suka zo da wayoyin aro,
duk shidan Tozo suka zaɓa.
Tozo shida a fage, ƙarfe na cin ƙarfe,
har aka kira La'asar ba wanda ya durƙusa.
Nafi'u ya yi hamma.
Ilu ya ce, "Turmi da turmi ke nan, ina taɓarya?"
Suka aje wayoyin, suka bi ƙwallon tsumma.

Daren nan sauro ya yi ta kuka, barci ya ƙaurace.
Na tuno Baba da asuba yana ɗora wa jaki taki,
ya ja da baya, ya kanne ido, ya dubi mangala,
ya ɗebi tafi uku daga dama ya zuba a hagu.
"Mangala ba ta san ɗan gata ba," in ji shi,
"in ta karkace, a hanya za ka kwashe da hannu."

Na tashi na kunna.
Sulken Tozo, ɗari tara, na mai da shi ɗari shida.
Ƙahon in ya yi aman wuta, sai ya huce daƙiƙa biyar.
Da na danna, wallahi,
ji na yi kamar na sake miƙa igiyarsa ga dillali.

Sai Shamuwa ta zama annoba, na rage mata hange.
Sai Galma ya cika gari, na ɗaura masa nauyi.
Littafin da nake rubuta masu bashin caji
ya cika da zane: wa ya ka da wa, sau nawa, a wane lungu.
Ilu ya ce harbin na kusa da tebur ke riga isa,
na ɗauko igiyar guga na zana da'ira a ƙasa,
kowa ya zauna a bakin layi, ba gaba ba baya.

Buzuzu dai ba mai so.
Sati uku shafinsa fari fat.

Sai ga Hansatu, 'yar yayata, shekara tara,
ta dire bokitin awara, ta goge mai a zane,
ta ce a ba ta wancan ƙaramin.
Ta bi ta kwari, ta ɓuya a inuwar Galma,
ta jira ƙahon Tozo ya yi amansa ya huce,
ta kutsa tsakanin ƙafafunsa, ta bar masa ajiya.
Ya faɗo kamar kukar da gara ta cinye ta ciki.

Rumfa ta kaure.
Nafi'u na rantsuwa, "Cuta ce! A rage shi!"
Na buɗe lambobin Buzuzu, yatsana a kai,
na daɗe ina kallo.
Tozo na tsoron Buzuzu, Buzuzu na tsoron Shamuwa,
Shamuwa ba ta son Galma ya matso.
Gaba da gabanta.
Ban taɓa ko ɗigo ba.

Hadari ya taso ta gabas, batir ya nuna ja.
Hansatu ta ce, "Kawu, saura kai."
Na zaɓi Tozo. Wa zan zaɓa?
Ta ka da ni kafin ɗigon farko ya bugi kwano,
ta ɗau bokitinta, ta ce ina binta... a'a,
ita ke bina kuɗin awara biyu.